Riguna Shida a Kan Igiya

Ƙawata, zauna ki ji wannan.

Akwai wani mutum, Mounkaila, a Vaulx-en-Velin kusa da Lyon. Shekara tara yana horar da ƙungiyar ƙwallon kwando ta unguwarsu. 'Yan wasansa takwas ne, ba gwani cikinsu, amma ko ƙanƙara ake zubawa sai sun zo. Matarsa Hapsatou ke wanke rigunansu duk Lahadi.

A 2012 ya je Paris, ya ga wani dogon saurayi, Uzairu, yana jefa ƙwallo kamar hannunsa ya san hanyar raga. Ya dawo ba ya zancen kowa sai shi.

Ƙungiyar Uzairu ta Paris ta ce za ta sake shi, amma a ba ta mutum uku: Garga, Brahim da Pierre.

Mounkaila ya yarda. Garga ya roƙe shi kada ya tura shi Paris, ya ce a nan uwarsa take. Mounkaila ya ce masa ƙungiya ba gidan marayu ba ce. Garga ya ajiye makullin motar ƙungiya a kan tebur, ya fita bai waiwaya ba.

Ran Lahadi Hapsatou ta tsaya tana kallon igiyar shanya.

"Malam, a da takwas nake shanyawa. Yau shida."

Ya yi dariya. "Guda cikinsu ta fi ukun da suka tafi, Hajiya."

"Ni dai na ji an ce biyar ke shiga fili. Idan biyu suka faɗi fa?"



Da fari abin ya yi daɗi, sun ci wasa huɗu a jere. Amma Uzairu bai bar Paris ba, sai ranar wasa yake shigo jirgin ƙasa. Bai ko riƙe sunayen abokansa ba. Mota ta zauna, don Garga ne mai tuƙa ta. Brahim ne mai raba faɗa, sai faɗa ya yi ta tashi ba mai rabawa.

Sannan Salifou, mafi daɗewa cikinsu, ya karye a ƙafa. Riguna suka koma biyar.

Hukumar unguwa kuwa ta riga ta gargaɗe su: duk ƙungiyar da ta kasa fito da mutum biyar, za a ba wasu ɗakin wasanta.

Ranar Asabar ta gaba, mutum huɗu suka tsaya a fili. Mounkaila na kallon ƙofa, alƙalin wasa na kallon agogo. Can saƙo ya shigo wayarsa. Uzairu ne: wata babbar ƙungiya ta kira shi gwaji yau, a yi haƙuri.

Mounkaila ya kira Garga, ba domin wasan ba, don ya san ya wuce. Ya roƙe shi ya dawo gida.

Garga ya gaishe shi da ladabi, ya tambayi lafiyar Hajiya. Sannan ya ce, "Kawu, kai ka sa hannu a takardar sallamata. Doka ba za ta bar ni in dawo ba sai shekara ta zagayo. Lokacin kuna da ɗakin kuwa?"

Ran Litinin aka karɓe makullin ɗakin wasan.

Hapsatou ta wanke rigunan duka, ta ninke, ta sa a akwati. Har yau igiyar nan ba ta sake ɗaukarsu ba.

Darasi: Kada ƙyallin mutum ɗaya ya sa ka sallami waɗanda suka tsaya da kai tun ba ka da komai. Gwani na iya ci maka wasa, amma ba zai cika maka fili shi kaɗai ba. Allah Ya ba mu ikon riƙe amana. Ku tura wa 'yan'uwa su karanta. Ke kuma ƙawata da kika san gidan, na sauya sunayensu, don Allah kada ki faɗa wa kowa ko su wane ne.