Ranar da Gulbi Ya Karɓi Motar Misbahu

Akwai wani direba a Ƙaura Namoda mai suna Misbahu Jaji. Mahaifinsa ya rasu ya bar masa tsohuwar a-kori-kura mai fowil, wato wadda ƙafafunta huɗu duka ke ja idan hanya ta ɓaci. Da ita yake jigila zuwa ƙauyukan Zurmi da Shinkafi, kuma ita kaɗai ce ke ciyar da gidansu: shi, da matarsa, da mahaifiyarsa Inna Hannatu.

Misbahu ya iya tuƙi, ba na ƙwace masa wannan. Matsalarsa ita ce shi ma ya san ya iya.

Da mai ya yi tsada, sai ya je wurin bakanikensa Sabo ya ce a cire masa farfelar gaba, ƙarfen nan da ke kai ƙarfin inji ga tayoyin gaba. Ya ji abokan aiki suna cewa mota tana rage shan mai idan babu shi.

Sabo ya ce, "Misbahu, ga damana ta kama. In ka hwaɗa rairayi, da mi zaka hita?"

Ya yi dariya. "Hannu ka tuƙi, Sabo, ba ƙarhe ba. Cire dai."

Aka cire. Daga baya shebur da katakai biyu da igiyar ja da ke zama a bayan motar su ma suka koma zaure, wai suna cinye wurin buhu.

Wata Laraba da hantsi ya ɗauko kaya da fasinja ya nufi wani ƙauye bayan Zurmi. Rana tas, ko gajimare babu. Suka iso mashigin wani gulbi, ruwan bai wuce idon sawu ba. Wani dattijo makiyayi mai suna Tsoho yana bakin gaɓa, ya ɗaga masa sanda.

"Ɗana, dakanta. An yi ruwa can gabas tun da asuba. Wanga gulbi cikowa shikai."

Misbahu ya leƙo ta taga. "Baba, kahin shi ciko na ƙetare."

Bai sauke fasinja ba, bai taka ya ji ƙasan da ƙafarsa ba. Ya danna kai.

A tsakiya tayoyin baya suka nutse. Ya taka mai, suka ƙara tona wa kansu rami. Hannunsa ya kai ga giyar fowil da kansa, don sabo. Ya ja. Tayoyin gaba ko motsi. A nan ya tuna da farfelar da ya sa aka cire.

Fasinja suka sauko, aka sauke buhuna, aka tura. Babu shebur, sai aka shiga tono da hannu da murfin kwano. Duk abin da suka kwashe, ruwa ya mayar. Misbahu ya hau gaɓa yana ɗaga waya sama, babu sabis.

Wani manomi ya kawo shanun huɗa guda biyu. Amma da me za a ɗaura? Igiyar guga aka samo. Ja ɗaya ta tsinke.

Sai ruwan ya fara canza launi. Ya yi ja, yana tafe da kumfa da karare.

Tsoho ya ɗaga murya. "Ku hito! Ruwa ya zaka!"

Kowa ya fita sai Misbahu. Ya riƙe ƙofar motar, ruwa har cinyarsa, yana cewa, "Ta Baba ce hwa! Ku taimake ni, ta Baba ce!" Maza uku ne suka fizgo shi da ƙarfi.

Wallahi abin tausayi. Mutum kusan talatin a bakin gaɓa, kowa yana so ya taimaka, babu mai abin yi sai salati. Suna kallo ruwa ya rufe tayoyi, ya shiga ta taga. Motar ta ɗan girgiza, ta kwanta a gefe, gulbi ya tafi da ita. Kwana huɗu bayan haka aka gan ta can ƙasa, rairayi ya cika injin.

A kan babur aka mayar da Misbahu gida ranar Larabar. Ya durƙusa gaban Inna Hannatu, wadda labari ya riga ya iske. Ta dube shi tun daga sama har ƙasa.

"Ba wanda yar rasu?"

"Babu, Inna."

"To, mun gode Allah. Tashi ka sake tuhwa."

Da ma zaginsa ta yi, da ya fi masa sauƙi.

Da safiyar Asabar Misbahu ya fito ya tarar da ita a ƙofar gida. Tsohuwa mai ciwon gwiwa, wadda ta bar sana'a shekara goma da suka wuce, ta kafa murhu ta ɗora tanda tana zuba ƙullin masa. Hayaƙi na shiga idonta, tana gogewa da gefen zane, tana ce wa masu wucewa, "A sayi masa da zahi."

Darasi: Kayan da kake gani suna tare maka wuri a mota, su ne za su fitar da kai ranar da iyawarka ta ƙare. Kada ka shiga daji babu shebur, katako da igiya mai ƙarfi, kada ka cire abin da aka ƙera don ya cece ka, kuma idan ɗan gari ya ce ka dakata, ka dakata. Girman kan mutum ɗaya, gida guda ne ke shan wahalarsa. Ku tura wa duk direban da kuka sani, tun ruwa bai sauko ba.