Abin da Effie Ta Gani a Bayan Tudu

Akwai wani dattijo a wani ƙaramin gari na bakin teku a arewacin Scotland, sunansa Murdo Rennie. Tsohon mai sayar da kifi ne, kuma tun yana kasuwa bai taɓa yarda da sikelin kowa ba sai nasa. Ko gaishe shi ka yi da fara'a, sai ya bi ka da kallo yana tunanin me kake nema a wurinsa.

Kowace Asabar da safe, ko ana ruwa ko ana iska, shi da amininsa Lachlan sukan je filin golf na gari, wanda kowa ke shiga har tumaki, inda ake buga ƙaramar ƙwallo da sanda daga rami zuwa rami. Lachlan tsohon direban bas ne, dogo, magana ba ta dame shi ba. Ƙa'idarsu ɗaya ce: wanda aka cinye shi ke wanke sandunan su duka biyun a famfon bayan ɗakin shayi.

To, bana Murdo ya sha wanki. Yana wanki yana tunani, har tunanin ya kai shi rami na shida.

Ramin nan a bayan tudu yake. Ka buga ƙwallo ta haye, ba ka ganin inda ta sauka sai ka hau. Ta hagu kuwa gangare ne cike da ƙayar nan mai furen rawaya, wadda ta cinye ƙwallayen rabin gari. Murdo yana alfahari da wurin ƙwarai. Yakan turo ƙirji a ɗakin shayi ya ce, "Ramina ne wannan. Ku tambayi kowa, yaushe rabon da ƙayar nan ta ga ƙwallona?"

Amma ya lura da wani abu. Lachlan da ke tafiya kamar ba ya son taka ƙasa, da sun buga a rami na shida sai ya ce, "Bari in leƙa mana," ya bi tudu da sauri. Murdo kuwa gwiwarsa ba ta son hawa. Kafin ya iso yana haki, sai ya tarar da Lachlan tsaye kusa da ƙwallonsa a wuri mai kyau, yana fito kamar ba abin da ya faru.

Wata Asabar ya ga furen rawaya maƙale a safar Lachlan. Ya kuma ga ƙarce a bayan hannunsa.

"Me ya kai ka ƙaya, mutumina?"

"Fitsari," in ji Lachlan.

"Kullum a nan yake kama ka?"

"Tsufa ne, Murdo. Naka na tafe."

Murdo bai yi dariya ba. A ransa ya gama shari'a: wannan mutum yana ciro ƙwallonsa daga ƙaya yana ajiyewa inda ya ga dama. In yana yi a nan, to ko'ina ma yana yi. Kuma a garin nan, a ce ka taɓa ƙwallo da hannu ya fi a ce ka saci tunkiya muni. Za a hana ka wasa, a riƙa nuna ka da baki har a layin sayen burodi.

Ya sami ƙanwarsa Effie, wadda ke riƙe da ɗakin shayi, tana goge kofuna.

"Asabar mai zuwa za ki ɓuya min a bayan tudu."

"Ni? A cikin ƙaya? Yaya, lafiyarka ƙalau?"

"Ɓarawo za ki kama min."

"Lachlan ne ɓarawon? Mutumin da ya ɗauki gawar babanmu a kafaɗarsa?"

"Irinsu ne ai. Masu shiru-shirun nan."

Effie ta ƙi, ya nace, ya ce in ba ta je ba zai kai maganar gaban Torquil, shugaban 'yan wasa, ko da shaida ko babu. Ta ga gara ta je ta wanke bawan Allah. Ranar ta sa rigar ruwa, ta ɗaura hular kwano ta hawan keke saboda ƙwallaye, ta tsuguna a bayan wani dutse tana tsine wa yayanta a ƙasa-ƙasa.

Murdo kuwa tun rami na farko idonsa na kan aljihun Lachlan. Lachlan ya sa hannu zai ciro alewa, Murdo ya matso.

"Mene ne a ciki?"

"Alewa. Kana so?"

"A'a. Tambaya na yi."

Da suka zo rami na shida, Murdo ya zabga wa ƙwallo sanda, ta haye. Lachlan ya buga tasa, ya ce, "Bari in leƙa mana," ya tafi. Murdo ya bi shi a hankali yana murmushi. Ya tarar da ƙwallayen biyu a kan ciyawa mai laushi, ya ma ci ramin, ya ce, "Na faɗa maka ramina ne."

Bayan wasa ɗakin shayi ya cika, ana shan miyar kifi. Murdo ya ƙwanƙwasa cokali a kofi.

"Jama'a, ku saurara. Torquil, ajiye cokalin nan, maganar taka ce. Akwai mai taɓa ƙwallo a cikinmu."

Lachlan ya ɗago kai.

"Effie, faɗa musu abin da kika gani a bayan tudu."

Effie ta fito daga wurin girki, har lokacin da ƙaya a gashinta. Ta ce, "Yaya, mu yi maganar nan a gida."

"A nan za a yi ta."

"Ka tabbata?"

"Kin gan shi ya ɗauki ƙwallo, ko ba ki gani ba?"

"Na gani."

Wata tsohuwa ta dafe ƙirji. Torquil ya cire tabarau. Murdo ya harɗe hannu yana kallon rufi.

Effie ta ce, "To tunda ka matsa." Ta tattara siket, ta fara tafiyar Lachlan sak, wuya a gaba, gwiwa na lanƙwashewa. "Ya hayo haka. Ya wuce ƙwallonsa a tsakiyar fili ko kallonta bai yi ba. Ya gangara hagu, ya durƙusa, ya cusa hannu a ƙaya yana cewa, 'Wash! Wash! Kai Murdo, Allah ya shirye ka, ko sau ɗaya ka buga daidai mana.' Ya ciro ƙwallo mai jan ɗigo biyu."

Kowa a ɗakin ya san Murdo ne mai sa wa ƙwallonsa jan ɗigo biyu.

Effie ta ci gaba, "Ya goge ta a wandonsa, ya ajiye a wuri mai kyau. Sai ya ga kamar ta yi nisa da rami, ya ƙara tura ta gaba da ƙafa. Ya koma wurin tasa ya fara fito."

Wani ya fara dariya, miya ta sarƙe shi. Sai ɗakin ya ɗauka gaba ɗaya. Wani daga baya ya kwaikwayi murya, "Ramina ne wannan!"

Murdo ya juya wurin Lachlan. "Yau kaɗai ne, ko?"

Lachlan ya girgiza kai. "Tun da aka yi maka aikin gwiwa. Na san halinka. In ta faɗa sai ka bi ta, ba ka barin ƙwallo. Gangaren nan kuwa ko mai lafiya yana zamewa. In na ce kar ka sauka, za ka ce raina ka na yi."

Ya miƙe, ya ɗauki hularsa. "Na yi laifi, Torquil, na sani. Ƙwallo ba a taɓa ta, ko ta wa ce. Yi abin da ya dace." Sannan ya kalli Murdo. "Amma da ka tambaye ni mu biyu, da na faɗa maka. Sai ka sa min mai gadi."

Ya fita. Ba wanda ya sake dariya.

Torquil ba shi da yadda zai yi, tunda a gaban jama'a aka kawo maganar. Ya dakatar da Lachlan daga wasa har ƙarshen bazara.

Asabar ta zagayo, Murdo ya zo ya tsaya a wurin farawa. Duk wanda ya ce wa, "Mu haɗu mana," sai ya ji, "Af, mun cika." Wani ma ya leƙa bayan kwandon shara ya ce, "Bari in duba ko Effie na nan." Shi kaɗai ya yi wasan. A rami na shida ya rasa ƙwallo, ya sake bugawa, ya sake rasawa. Ya tsaya a bakin gangare yana kallon ƙasa, ya ga lalle da ya sauka da sai an ɗauko shi.

Daga nan bai koma gida ba. Ya je ƙofar Lachlan, ya same shi yana ba tumatir ruwa.

"Lachlan."

"Na'am."

"Ni jaki ne."

"Na daɗe da sani."

"Ka yafe min. Na je wurin Torquil, ya ce hukunci ba ya tashi. To na ce masa ni ma ba zan sake taka filin ba sai ranar da za ka koma."

Lachlan ya ci gaba da ba da ruwa. Can ya miƙa masa butar. "Riƙe. A gindi ake zubawa, ba a ganye ba."

Murdo ya karɓa da hannu biyu.

Darasi: Zato ba shaida ba ne. Wani lokaci wanda kake zargi da cutarka shi ne yake shiga ƙaya dominka ba tare da ya faɗa ba. In ka ga abin da ba ka gane ba a wurin amininka, ja shi gefe ka tambaye shi kafin ka tara masa mutane. Ku tura wa 'yan uwa da abokai, musamman wancan da kuka san kowa ɓarawo ne a idonsa.