Gwajin da Aka Faɗi da Gangan

Ya 'yan uwa, an yi wani mutum a nan jiharmu, ana ce da shi Thaddeus Mabry. Shekara tara ya yi yana buga ƙwallon Amurka cikin masu tsaro, waɗanda aikinsu shi ne su tare mai gudu su maka shi da ƙasa. Da gwiwoyinsa suka ƙi, ƙungiyar ta ba shi ɗaki da 'yan wasa bakwai, ya zama kocinsu.

Ba mugu ba ne a ido. Ranar bikin godiya na shekara-shekara gidansa cika yake da 'yan wasansa, ana yagar talotalo ana shewa. Sai dai abu ɗaya na cinsa a rai. Ya shekara goma sha ɗaya a wannan ɗaki, waɗanda ya koya wa aiki duk sun wuce shi. Kujerar babban kocin tsaro yake so, ya kuma san ba za a ba shi ba sai yaransa sun yi fice a fili.

Kun san kafin a fara kakar wasa likitoci kan gwada ƙwaƙwalwar kowane ɗan wasa, su ajiye sakamakon. Ranar da ya bugu a ka, sai a sake gwada shi a kwatanta. In ya kasa kai na farko, a karɓe hular kwanonsa ta wasa ya zauna.

To, ana gobe gwajin, Mabry ya rufe ƙofar ɗakinsa ya ce, "Ku saurara. Gobe kada wanda ya je ya nuna musu shi farfesa ne. In sun ba ka kalma biyar, ka tuna uku. In sun ce danna maɓalli, ka yi hamma tukuna."

Wani daga baya ya ce, "Koci, ai shi Biggs ba sai ya yi da gangan ba." Aka kwashe da dariya, har da Biggs ɗin.

Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba, wani sabon ɗauka mai suna Lamont, ɗan Mississippi wanda ya karanta lissafi a jami'a. Uwarsa Odessa da kanta ta kawo shi sansanin horo, ta riƙe hannun Mabry ta ce ta bar masa amana. Lamont ya ce, "Koci, wannan ba ha'inci ba ne?"

"Ɗana, ha'inci shi ne ka ɗumama benci wani ya ɗauke maka wuri. Sau nawa idona ya yi duhu a fili? Ga ni nan garau."

Lamont ya bi maganar kocinsa. Wa zai bi in ba shi ba?

Wata Lahadi da rana cikin Disamba, ana wasan da zai kai su zagayen ƙarshe, Lamont ya yi karo da wani ƙato, hula da hula. Da ya miƙe sai ya nufi gefen abokan karawa, har sai da Biggs ya janyo rigarsa. Mabry ya gani da idonsa.

Likita ya shigar da Lamont tantin da ke bakin fili ya gwada shi. Kalma biyar, ya tuna uku, daidai da abin da ke rubuce. Amma hankalin likitan bai kwanta ba, ya leƙo ya ce, "Koci, ka fi ni saninsa. Haka yake da ma?"

Ya 'yan uwa, a nan Allah ya buɗe wa mutumin nan ƙofar tsira. Kalma ɗaya ce tsakaninsa da ita.

Ya ce, "Haka yake, likita. Ƙarfi ne da shi, amma kan sai a hankali."

Aka mayar wa Lamont hularsa. Ba a yi minti biyar ba ya sake karo, ba ma mai ƙarfi ba. Ya faɗi bai tashi ba. Jini ne ya zuba masa a ƙwaƙwalwa. An yi masa aiki ya rayu, amma mai digirin lissafi ya dawo ba ya iya ɗaura igiyar takalminsa.

Masu bincike suka jera sakamakon mutum bakwai, suka ga duk kusan iri ɗaya. Biggs ya fashe da kuka ya faɗi komai. Aka kori Mabry, aka haramta masa aikin har abada. Ko makarantar unguwa ba ta yarda ya tsaya a bakin filinta. Matarsa ta koma wurin 'yar uwarta, waya ta daina ƙara, gida ya yi masa faɗi. Ya rame har rigunansa suka yi masa yawa.

Bayan shekara guda ya tuƙa mota har Mississippi. Odessa ta buɗe ƙofa, ta daɗe tana dubansa, sannan ta ce, "Nawa haƙƙin na bar wa Ubangiji. Shiga ka roƙi mai babban haƙƙin."

Lamont na zaune a kujera, an ɗaura masa tawul a wuya. Da ya ga Mabry fuskarsa ta washe. Mabry ya durƙusa a kan matattun gwiwoyinsa, ya faɗi abin da ya yi tun daga ɗakin nan har bakin tanti, yana kuka. Ya ce, "Ka yafe mini, ɗana."

Lamont ya shafa kan Mabry ya ce, "Koci, kar ka yi kuka. Yaushe... yaushe zan koma fili?"

Mabry ya sake bayani, a hankali. Lamont ya sake tambayarsa yaushe zai koma fili.

Odessa ta ce, "Haka za ku yini. Wanda zai gane abin da ka yi masa har ya yafe, tun ranar nan ba ya gidan nan."

Ya 'yan uwa, wannan shi ne abin da ke hana ni sukuni. Laifin da ke tsakaninka da Allah, ka tuba ya yafe. Haƙƙin bawa kuwa sai mai shi ya yafe. To wanda ya rushe hankalin da zai yafe masa, ina zai kai tubarsa? Sai ranar ƙiyama, da za a mayar wa Lamont hankalinsa cif, a tsayar da su biyu, a tambaye shi ko ya yafe.

Duk wanda aka damƙa wa mutane, malami ne kai ko mai gidan aiki, ka sani suna bin maganarka ne don sun yarda da kai. Kada ka hau kan yardarsu don ka kai kujera.

Allah ya kiyaye mu da cin amana. Allah kada ya kai mu ranar da za mu nemi gafara a rasa mai ba mu. Amin.