Faten Rifkatu

An yi wani dagaci, Malam Barau, wanda ya kafa doka cewa a watan azumi kada hayaƙi ya tashi a gidan kowa kafin la'asar, Musulmi ne ko Kirista. Rana ta uku fadawa suka kawo Rifkatu matar maƙeri da tukunyar fatenta, za a fasa.

Dagaci ya ce, "Ke Rifkatu, ba ki ji doka ba?"

Ta durƙusa. "Na ji, ranka ya daɗe. Amma ni ba na azuminku."

"Gari ɗaya muke. Ibadar maƙwabci ta hau kan maƙwabci."

"Kowane maƙwabci, ranka ya daɗe?"

"Kowane! Jama'a ku shaida."

"Madalla. To namu azumin yana tafe bayan salla, kwana arba'in ne, kuma ba a cin nama. Sai a sanar da Sarkin Pawa ya rataye wuƙaƙensa."

Dagaci, wanda bai taɓa wuni ba balangu ba in ba azumi ba, ya hau shafa gemu.

Can ya daka wa fadawa tsawa: "Ku mayar mata da tukunyarta kafin faten ya huce!"