Kurege a Gadon Jego

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, mu ga inda za ta sauka.

To, ku gyara zama. Kai mai tonon wutar nan, bar ta ta huta.

Kurege ne dai, wanda kuka sani, mai wutsiya buzu-buzu da ciki kamar rijiya. Wata shekara bayan kaka, matarsa Ladingo ta haihu, 'ya'ya biyu, tubarkalla. Da yake haihuwar fari ce, ya kamata ta tafi gidansu wanka. Kurege ya ce hanya da nisa, ga shaho ya yi yawa bana. Gaskiyar magana, tsoro yake kada a tafi da tukwane a bar shi da yunwa. Sai uwarta, Inna Tabawa, ta ɗauro ƙunshinta ta zo da kanta.

Inna Tabawa tsohuwa ce tukuf. Idonta ya yi hazo, kowa ya san haka, don an sha ganinta tana gaida turmi a tsakar gida. Amma hannunta ya san jego. A ƙunshin nan nata akwai jar kanwa, akwai citta, akwai kanumfari da masoro.

Tsakanin Kurege da surukarsa kunya ce irin ta mutanen da. Ba ya haɗa ido da ita, ba ya cin abinci inda take, in ya hango ta sai ya durƙusa ya sunkuyar da kai. Ita ma ba ta faɗin sunansa, sai dai ta ce "mai gidan nan". A duk faɗin dajin, Kurege ba shi da mutunci a idon kowa sai a idon tsohuwar nan. Shi ya sa yake riƙe da mutuncin kamar ƙwai a cokali.

Kullum da hantsi Inna Tabawa sai ta dama kunun kanwa, mai kauri, mai yaji, ta cika ƙwarya ta kai wa 'yarta ɗaki. Ƙamshi ya tashi, ya tsallake katanga, ya iske Kurege a zaure. Shi kuwa ɗumamen tuwon jiya aka miƙo masa, da miyar kuka wadda ko daddawa ba ta ji ba. Yana cin tuwo, hancinsa yana ɗaki.

Ran nan tsohuwa ta fita samo itace, sai ya leƙa.

"Ladingo, sannu da jiki."

"Yauwa, Malam."

"Wannan kunun naki, me ake sa masa ne?"

"Kanwa ce da kayan yaji. Inna ta ce tana korar sanyi, ta ɗaure ƙashi, ta kawo nono."

"To ai ni ma sanyin ya kama ni. Ranar da kike naƙuda a waje na tsaya, raɓa duk a kaina ta sauka."

"Kunun mai jego ne, Malam."

"Ɗan saura fa, na gindin ƙwarya?"

"Inna tana tsaye a kaina sai na shanye."

Kurege ya koma zaure. Ya juya maganar nan, ya sake juya ta, har ta yi masa daidai. Ya dawo.

"Na tausaya miki da zaman ɗakin nan," in ji shi. "Ba ni zanenki da kallabinki, ki je bayan rumbu ki sha iska. Ni sai in kwanta a madadinki. Ɗaki da duhu, Inna ba ta gani sosai. In ta fita, ki shigo ki shayar da yara."

Ladingo ta dube shi. Ta ce, "Jego fa ba a tsinka shi, Malam. In ka ɗauka, duka za ka ɗauka."

"Duka nake so."

Kun ga, Kurege bai taɓa ganin wankan jego ba, don ba a yi a gaban maza. Iyakar saninsa, yana jin ƙarar ruwa a bayan ɗaki, ya ɗauka gata ake yi mata. Ladingo kuwa fatarta ta gaji. Ta kwance zane ta miƙa masa, ta fice.

Kurege ya ɗaura zane, ya naɗe wutsiya a ciki, ya ja kallabi har hanci. Ya kwanta yana jiran ƙwarya.

Da sassafe ya ji muryar tsohuwa. "Ke, taso."

Ya taso yana murmushi a ƙarƙashin kallabi. Ta kama hannunsa, ta zagaya da shi bayan ɗaki, ta zaunar da shi a kan 'yar kujera. Ga wata ƙatuwar tukunya, ruwan ciki yana tafasa har yana tsalle. Kurege ya ce a ransa, lallai kunun yau da yawa za a dama. Inna Tabawa ta ɗauki damin ganyen runhu, ta tsoma a tukunyar, ta ɗago, ta fyaɗa masa a gadon baya.

Kurege ya buɗe baki zai kurma ihu, sai ya tuna. In ya yi ihu, muryar namiji ce za ta fito, surukarsa ta gan shi a zanen 'yarta yana jiran kunun 'yarta. Ya haɗiye ihun, ya ce, "Uhm."

"Daure, 'yar nan, lafiya ce ke shiga."

Ta tsoma, ta fyaɗa. "Uhm." Ta tsoma, ta fyaɗa. "Uhm." Masu magana sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, amma Kurege ya ɓoye nasa. Ya juya mata baya, ya dunƙule, sai da tukunya ta ƙare tas.

Daga nan ta kai shi gadon ƙasa, ta zuba garwashi a ƙarƙashi, ta ce ya kwanta ya gasu. Ya kwanta. Ya juya dama, zafi. Ya juya hagu, zafi. Can da hantsi sai ga ƙwarya.

Kai, kunun nan ya yi daɗi. Ba zan ɓoye muku ba, ya yi daɗi. Kurege ya kafa kai yana sha, hawaye yana zuba a ciki, bai san ko na zafi ne ko na murna ba. Ya lashe ƙwarya, ya ce a ransa, wanka ɗaya a yini ai ba komai ba ne.

Da la'asar ya ji, "Ke, taso."

Ashe sau biyu ake yi.

Washegari, tun kafin Ladingo ta samu shigowa, yara suka fara kuka. Inna Tabawa ta ɗauko su ta ɗora masa a ƙirji. Suka laluba nan, suka laluba can, ba su sami komai ba, suka gantsara masa cizo. Tsohuwa ta kai hannu ta shafa ƙirjin.

"Af, fayau kamar faifai. Nono ya ɗauke. Sanyi ne."

"Uhm."

"Ji muryarki ma ta yi kauri. Sanyi ne."

Ta ƙara itace a murhu, ta ƙara garwashi a gado, ta ƙara kanwa a kunu. Da aka je wanka, gashin bayan Kurege ya fara bin ganye yana tafiya. Tsohuwa ta ji shi a hannunta, ta ce, "Madalla, sanyi ne ke fita. Daure, 'yar nan, lafiya ce ke shiga."

Kunun da ya sayar da fatarsa a kai, shi ma ya juya masa baya. Kanwa ta yi yawa, ya yi bauri, ya yi santsi, yana shiga maƙogwaro kamar ruwan toka. Kurege ya kurɓa ya ture ƙwarya. Tsohuwa ta maido masa, ta tsaya a kansa sai da ya shanye. Ba a jima ba ciki ya fara ƙugi. Ya ruga bayan gida, ya dawo, ya ruga, ya dawo. Tana zaune tana kaɗa kai, tana cewa datti ne ke fita.

Haka aka yi ta yi. In nono bai zo ba, a ƙara kanwa. In murya ba ta washe ba, a ƙara wuta. Kowace safiya Kurege sai ya ce yau zai faɗi gaskiya, da ya ji takun tsohuwa sai ya ja kallabi. Abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta ai ya fi wutar zafi.

Wata yamma tana cikin fyaɗa masa ganye, sai ta ce, "Wai ina mai gidan nan ne? Kwana biyu ban ji motsinsa a zaure ba."

"Uhm."

"Mutumin kirki. Allah dai ya sa lafiya." Ta tsoma, ta fyaɗa. "Ke kuma, in nonon nan bai zo ba zuwa gobe, zan kira Bushiya ungozoma da matan unguwa. A fito da ke tsakar gida, a kwance zane, a duba ki da hasken rana."

Bushiya ido gare ta kamar allura, baki kuma ya fi idon kaifi. Abin da ta gani da safe, kafin azahar biri a kan tsamiya ya ji.

Da gari ya waye tsohuwa ta tafi kiran Bushiya, Ladingo ta shigo shayar da yara. Ta yi ɓul-ɓul, fatarta tana sheƙi, bakinta yana ƙamshin citta. Kurege ya ji ƙamshin, amma ba shi da ƙarfin tambaya.

"Ladingo, karɓi jegonki."

"Ai ka ce duka kake so, Malam."

"Na ƙoshi."

"Tun yanzu? Ko arba'in ba a hango ba."

"Don girman iyayenki."

Ta karɓi zanenta ta ɗaura, ta dube shi sama da ƙasa. Ba gashi a baya, ba gashi a haƙarƙari, jiki ja-wur kamar an fige kaza. Ta ce, "To da wannan jikin za ka je ka gaida Inna? Me za ka ce mata?"

Nan fa Kurege ya tuna shi Kurege ne. Ciki ya zube, amma kai yana nan. Ya shiga ƙarƙashin gado ya fara haƙa. Ya haƙa, ya haƙa, har ya ɓulla bayan danga. Ya yi birgima a ƙura yana cije baki, ya tsinci sanda, ya rataya tsohuwar gora. Ya jira har ya ga Inna Tabawa ta shiga gida da Bushiya da mata a bayanta. Sannan ya zo ƙofa yana ɗingishi, ya yi sallama da muryar matafiyi.

A ciki an riga an duba mai jego, an sami nono har yana zuba, Bushiya tana ta yaba hannun tsohuwa. Da suka ga Kurege sai suka yi cirko-cirko. Ya durƙusa, ya sunkuyar da kai.

"Inna, na same ku lafiya?"

"Lafiya lau. Daga ina haka?"

"Na ga kanwarku ta yi ƙasa, ban iya zama ba. Na tafi gabas, can inda ake haƙo ta. Ƙasar wurin tafasa take yi, tururi ne ya cinye mini gashi. Ban faɗa ba don kada a hana ni."

Mata suka ɗauki salati. Wata ta ce nata mijin ko tsinke bai taɓa kawo mata ba a jego. Bushiya da kanta ta ce yau ta ga miji. Kurege yana durƙushe, yana jin maganar nan tana sauka a jikinsa kamar man shanu.

"Allah ya yi albarka," in ji Inna Tabawa. "Ina kanwar?"

"Nauyi ta yi mini, Inna. Na ajiye ta a hanya, gindin wata kuka."

"Da nisa?"

"Da ɗan nisa."

"To a daure a koma a ɗauko, tun rana ba ta yi ba. Tamu ta ƙare ƙaf. Yarinyar nan 'yan kwanakin nan ta sha kanwa kamar raƙumi."

Mata suka ce ai kuwa, kada wani ya riga shi. Bushiya ta ce in ya dawo a sam mata ɗan gutsure. Kurege ya ce to. Me zai ce? Ya miƙe, ya nufi ƙofa. Bai san ma ta wace hanya ake zuwa ƙasar kanwa ba.

Ya kai zaure ke nan sai ya ji takun tsohuwa a bayansa. Ya sake durƙusawa. Ta miƙo masa ɗan kasko da man kaɗe a ciki, ta sassauta murya yadda ba mai ji sai shi.

"Ungo, a riƙa shafawa a haƙarƙari. Nan ne ganyen ya fi samu."

Ta juya ta koma cikin gida. Kurege ya daɗe a durƙushe da kasko a hannu. Duk ruwan da aka zuba masa, babu wanda ya ƙone shi kamar wannan magana.

Ya tafi kuwa. Ya yi ta tambaya, ya yi ta tafiya, har ya samo kanwar, ya ɗauko ta a kan ɗanyen bayansa. Gashi ya sake tsirowa, amma na haƙarƙarin fari ya fito, layi ɗaya dama, layi ɗaya hagu, har jikokinsa na yau. Inna Tabawa ba ta taɓa ta da maganar ba har ta koma garinsu, shi ma bai taɓa tambaya ba.

Ƙurunƙus kan ɗan kurege. In ƙarya na yi, ku kama kurege ku duba haƙarƙarinsa. Darasin kuwa ba shi da wuya: wanda zai saci kunu, ya fara zagayawa bayan ɗaki ya ga abin da ke kan murhu.