Ɓarawon Gishirin Teku

Ga ta nan, ga ta nanku da gishirinta!

Ta zo mu ɗanɗana.

"Wa ke sace gishirin teku da damina?" Amaryar Ƙaguwa tana bakin raminta ta ji Kura na tambaya, don Kurar ta lashi ruwan ta ji salam.

Dila, mai cin ƙaguwa kullum, ya ce, "Ranki ya daɗe, da rani zai dawo."

"Au, har ranar dawowarsa ka sani? Kai ne ɓarawon!" Kura ta kore shi daga gaɓar har abada.

Amarya kuwa a bakin kogi take. Kowace damina tana kallon ruwan kogin na kwarara yana surka tekun.

Mijinta ya ce, "Amarya, kin ji ɓarawo?"

Ta sunkuyar da kai. "Allah ya shirye shi." Ta ƙudura ba mai jin gaskiyar daga bakinta.

Ƙurunƙus kan ɗan kifi!