Dalilin da Ya Sa Masu Tukwane Ke Zama Layi Guda

Dalilin da ya sa kuke ganin masu tukwane a jere wuri guda, yara, ya faro ne wata Talata da hantsi a kasuwar Gidan Marke, ana dab da saukar ruwan fari.

A da ba haka abin yake ba. Mata biyu ke ginin tukwane a garin, Gwamma da Tasalla, kuma ba sa ga maciji da juna. Gwamma na kasa kayanta a bakin kasuwa ta yamma, Tasalla na can gabas a gindin tsamiya. Kowacce na ganin in ta nisanci ɗayar, masu saye nata ne ita kaɗai.

To, kun san ba a sayen tukunya sai an ƙwanƙwasa an ji amonta. Mutum ya ƙwanƙwasa ta Gwamma, ya ce bari ya jiyo ta Tasalla. Kafin ya ratsa mahauta da hayaniyar dillalai, amon farko ya fice masa daga kunne. Sai ya yi ta wasiwasi, ƙarshe ya koma gida ya ci gaba da lallaɓa tsohuwar tukunyarsa.

Tasalla ce ta fi jin jiki. Ba a gashin tukwane da damina, ga rumbunta ya yi ƙasa. Ta riga ta faɗa wa mijinta, in kasuwar Talatar nan ta watse ba ta yi ciniki ba, ta bar sana'ar uwarta ke nan.

Tana cikin kasa kaya sai ƙudan zuma suka sauka a reshen tsamiyar, kowa ya tsere. Ta kwashi tukwanenta ta zaga kasuwa, ba ta sami inuwa ba sai gefen rumfar Gwamma.

Ta ce, "Yaya, a ɗan matsa mini."

Gwamma ta ce, "Yau kuma ni ce Yaya? Zuma ta iya koyar da ladabi. Zauna, amma ja kasaken nan naki can, kada su shafa wa nawa tsaga."

Can sai ga Inna Dudu, wata tsohuwa da ta daɗe tana kai da kawo tsakaninsu ba ta sayi komai ba. Ta ƙwanƙwasa wannan, ta ƙwanƙwasa waccan, ta karkata kunne.

Ta ce, "Randa dai taki ce, Gwamma. Tukunyar miya kuwa yarinyar nan ta fi ki hannu."

Ta sayi ɗaya nan, ɗaya can. Mata suka gani suka yi dafifi, kowacce na ƙwanƙwasawa tana zaɓen son ranta. Kafin la'asar ko murfi bai saura ba.

Da kasuwa ta zagayo zuma ta tashi, Tasalla ta nufi tsamiyarta. Gwamma ta tare ta.

"Ina zuwa? Na share miki wuri."

"Ba kya tsoron in kwashe miki masu saye, Yaya?"

"Mai sayen da bai zo ba, wa zai kwashe shi? Sauke kayanki."

Shi ya sa har yau mai tukunya ba ta zama sai kusa da mai tukunya, ko da ba sa gaisawa. Tsamiyar an sare ta, Gwamma da Tasalla ƙasa ta rufe musu ido tun ina yaro. Abin da ya rage shi ne layin, da jikokinsu mata da ke zaune a cikinsa suna tsokanar juna, da randar Inna Dudu, wadda kuka sha ruwanta ɗazu a zauren nan.